Na Ɗauka Kunyar Ɗan Fari Ce

Ban manta da safiyar Talatar nan ba, ba na kuma jin zan manta, lokacin da Gwaggo Tabawa ta fita ɗauko ruwan wanka ta bar ni daga ni sai mai jego a ɗaki. Jaririn yana kwance a kan tabarma yana ta tsala kuka. Uwarsa Hansatu tana zaune ta jingina da bango, zanin ƙirjinta ya jiƙe sharkaf da nono, amma ko motsi ba ta yi ba. Ƙuda ya sauka a gefen idonta yana yawo, ba ta ƙifta ba.

Sista Hajara ce ta ce in rubuta wannan domin ku da kuka zo koyon aiki bana. Na roƙe ta ta bar ni, ta ƙi. Ta ce in ban faɗa muku da kaina ba za ku ji a bakin rijiya, kuma na bakin rijiya ya fi muni. To, ga shi. In kun ga ina komawa baya ina dawowa ku yi haƙuri, har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba.

Bayan na gama sakandaren 'yan mata na yi kwas ɗin ungozoma, sai En'e ta turo ni wannan ƙaramin asibitin haihuwa na ƙasar Malumfashi, ba nisa da Dayi. Sista ce babba, ni ce ƙaramar ungozoma a ƙarƙashinta. Litinin da Alhamis muna awon masu ciki, sauran ranaku in hau keke in bi masu jego gida-gida. Kowace mai jego tana da kati. Ana zuwa wurinta kwana ɗaya da haihuwa, da kwana uku, da washegarin suna, sannan a sake komawa cikin sati na biyu. A kowane zuwa a duba cibiyar jariri, a auna zafin jikin uwa, a taɓa mara a ji ko mahaifa tana komawa, a tambayi jini, a duba nono. A can ƙasan katin akwai wani ɗan gurbi na yanayin mai jego, wato barcinta da cin abincinta da maganarta. Yawancinmu "lafiya" muke rubutawa a wurin mu wuce.

Na san Hansatu tun wajen awo. Kusan sa'ata ce, ga surutu, ga tsokana. In ta hau gadon awo sai ta ce, "Malama, wannan farar hular taki da ita za ki tafi ɗakin miji, ko za a bar wa Sista ta ajiye?" Shekara biyu ke nan da aurenta da Idi, wani manomin auduga a tsallaken rafi. Da yake cikin fari ne, da ya kai wata bakwai sai ta dawo gidan iyayenta nan cikin gari, a nan ta haihu, namiji, tsakiyar damina.

Waɗanda ba a nan kuka tashi ba sai kun san wani abu kafin ku gane kuskurena. A nan mace ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa sai an miƙa mata, nono ma sai tsofaffi sun yi mata faɗa. Wadda ta fi kau da kai ita aka fi yabo. To, zuwana uku na farko duk na tarar da Hansatu ta juya fuska bango, ko gaisuwata ba ta amsawa. Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinta da ke yi mata wankan jego, har alfahari take yi.

"Kin ga 'yar gidan mutunci ko, Malama? Sai mun danne ta muke sa mata shi a nono. 'Yan yanzu wa ke yin haka?"

Na yi dariya, na rubuta "lafiya". Sau uku na rubuta. Ban tambayi ko tana barci ba. Ban ce wa kaina, yau ina bakin nan ya tafi?

Washegarin suna ina komowa, sai na ga mutum tsaye a gindin ɗorawar nan ta hanyar rafi, da fartanya a kafaɗa. Idi ne. Ya matso kamar mai laifi.

"Sannu da aiki, Malama."

"Yawwa, sannu."

"Na ce... mutanen gidan can, lafiya dai?"

Ba zai iya kiran sunanta ba, gidan surukai kuwa iyakarsa zaure. Na ce masa lafiya lau, uwa da ɗa. Ya yi ta tonon ƙasa da babban ɗan yatsansa.

"Jiya na hange ta ta kafar danga. Tana tsaye a bayan ɗaki tana magana, kuma babu kowa a wurin."

"Kunyar ɗan fari ce, Malam Idi. Kai ma ai ka sani."

"Malama, shekara biyu muna ɗaki ɗaya. Na san kunyarta. Wannan ba ita ba ce."

Daidai nan wasu mata suka ɓullo da tuluna a ka. Ni kuma abin da ya dame ni kar a ce an ga budurwa 'yar asibiti tsaye da mijin wata a bakin rafi. Sai na yi dariya da ƙarfi don su ji, na ce, "To likita, sai ka zo ka karɓi aikin nawa." Na taka keke na bar shi tsaye.

Kwana uku bayan wannan ita ce Talatar da na fara da ita. Ina durƙushe ina kallon ƙudan nan sai na tuna wani abu da na sha gani amma ban taɓa lura da shi ba. Duk mai haihuwar fari, da zarar tsofaffi sun fita, sai ta yi wuf ta jawo ɗanta, ta hau yi mini raɗa: Malama, wannan cibiyar ba ta kumbura ba? Malama, me ya sa yake atishawa? Kunyar ta idon mutane ce. Yau ga mu mu biyu, babu idon kowa, kuma Hansatu ba ta motsa ba.

Na ce, "Hansatu, ba ki ji yana kuka?"

Ta juyo a hankali. Idanunta sun yi ja, sun faɗa ciki.

"Malama, yi a hankali, yana ji. Nawa sun ɗauke shi. Wannan suka ajiye mini. Tun da aka yanke masa cibiya ban runtsa ba, ina gadinsa kar ya tashi ya yi tafiya."

Daidai nan Gwaggo ta dire tukunyar ruwa a bakin ƙofa, tana ta tururi, ta koma ɗauko ganyen da ake tsomawa a fyaɗa wa mai jego. Sai Hansatu ta miƙe. Ta sunkuya ta ɗauki yaron da kanta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ce, "Bari a wanke shi mu ga abin da zai koma." Ta yi taku biyu wajen ƙofa.

Har yau ban san ko za ta aikata ba. Taku biyu na gani. Na fizge yaron daga hannunta, na tsallake tukunyar, na ratsa tsakar gida a guje. Ban tsaya wurin Gwaggo ba, ban shiga ɗakin kowace mace ba. Zaure na nufa, ina ihu iya ƙarfina:

"Ta haukace! Hansatu ta haukace! Za ta dafa ɗanta!"

A zauren akwai mahaifinta, da wanta Tanko, da maƙwabta da suka fake wa yayyafi. Akwai kuma Sale, wan Idi, wanda ya kawo itacen wanka a kan jakai, don itacen jego na kwana arba'in gidan miji ke kawowa. Ban tsaya nan ba ma, sai da na fita ƙofar gida na maimaita. Kafin azahar babu gidan da maganar ba ta shiga ba, har tsallaken rafi.

Da aka kirawo Sista, ta jingine kekenta ba ta ko dube ni ba. Ta shiga ɗakin ta zauna a ƙasa kusa da Hansatu, ta riƙe hannunta, ta yi ta ba ta labarin wata akuyarta mai cin sabulu, har ta samu ta sha kunu. Sannan ta fito zaure ta ce wa maza, "Zafin jego ne ya hau mata kai. Ciwo ne da muka sani, yana zuwa da haihuwa, kuma ana warkewa."

Sale ya ce, "Ai 'yar boko ta riga ta faɗi sunansa, Sista." Ya kora jakansa ya tafi.

Washegari motar asibiti ta zo ta tafi da Hansatu babban asibiti, Gwaggo ta bi ta. Da 'yan gidan suka ce za su tafi da rubutun sha, Sista ta ce su tafi da shi, ta sha wannan ta sha wancan. Yaron kuma matar Tanko ta haɗa da nata tana shayarwa.

Da muka koma asibiti Sista ta rufe ƙofa ta ce, "Binta, ɗauke yaron da kika yi daidai ne, ko ni haka zan yi. Amma da kin ce za ki auna shi, kin miƙa wa Gwaggo, kin aiko a kira ni, da ciwo kawai za mu yi jinya. Yanzu ga ciwo ga aure." An koya mana wannan ciwo a makaranta, wata rana guda da yamma, har na amsa tambaya a kansa a jarrabawa na ci. Na san shi a littafi, ya zauna a gabana sau uku ban gane shi ba.

Abin da Sista ta hango shi ya faru. Dangin Idi suka tashi, Sale a gaba. Suka ce hauka a jini yake, an san tana da shi aka ɓoye musu, don haka Idi ya sake ta su karɓi ɗansu. Kowa kuma ya san in aka sake ta a kan wannan, ba ita kaɗai aka saka ba, ƙannenta mata biyu ma babu mai sallama a ƙofar gidansu. Ranar kasuwa Tanko ya zo bakin asibiti ya sa aka kira ni. Bai ɗaga murya ba.

"Ki ji da kyau, Malama. In auren ƙanwata ya mutu, ke kika kashe shi. Kuma hanyar rafin nan guda ɗaya ce, na san lokacin da kike bin ta."

Daga ranar Sista ta sauke ni daga keke. Na koma dafa almakashi da wanke kwanoni. In na ji takun mutum a bayan taga sai in ƙame. Ranar awo mata su zo su yi layi a gaban Sista, gadona babu kowa.

Bayan kamar sati biyu dagaci ya kira zama a zaurensa, da liman, da dangin ɓangare biyu. Aka ce in zo da katunan Hansatu. Na durƙusa a bakin ƙofa, Sista tana gefena. Liman ya fara bayani, ya ce in ciwon ya riga aure aka ɓoye, to miji yana da magana. In kuwa a hannunsa ya same ta, to ciwo ne kamar kowane ciwo da ke samun mace a ɗakin mijinta, jinyarta tana wuyansa.

Dagaci ya dube ni ya ce, "'Yar nan, ke kika ce ta haukace?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Da can kin san ta da wani abu?"

Na ce a'a. Na miƙa katin awo, na ce zuwa biyar ta yi tana da ciki, lafiyarta ƙalau, ga shi a rubuce. Malamin dagaci ya karanta. Na ɗan ji sanyi. Sai Sale ya nuna ɗaya katin da ke hannuna.

"Wancan fa, na bayan haihuwa? A karanta mana shi."

Malamin ya karɓa ya karanta: lafiya, lafiya, lafiya.

Sale ya gyara zama. "To, ranka ya daɗe, ka ji. Matar da duk mun ji labarin ta ce da bakinta tun ranar haihuwa ba ta yi barci ba, an rubuta mata lafiya sau uku. Hannun da ya rubuta wannan shi ya rubuta wancan. Da wanne za mu yarda?"

Na ga mahaifin Hansatu ya sunkuyar da kai. Ƙaryar da na rubuta cikin ganganci ta cinye gaskiyar da na rubuta. Sista ta taɓa ni da gwiwar hannu, ban san me take so in ce ba, sai kawai na ji bakina yana magana.

"Ranka ya daɗe, na awo na zauna da ita mun yi hira kafin in rubuta. Na jego ban tambaye ta komai ba. Na ɗauka kunya ce. Kuma an faɗa mini ba kunya ba ce, na yi wa mai faɗar dariya."

"Wa ya faɗa miki?"

Na san in na faɗa na tona masa asiri a gaban yayyensa da surukinsa. Na kuma san in na yi shiru auren ya tafi. Na ce, "Mijinta."

Aka kwashe da dariya. Wani tsoho ya ce, "Kai, Idi! Har da tare hanya?" Sale ya ce, "Ka ji abin kunya. Haihuwar fari, kana laɓe a danga kamar ɓarawon kaji!"

Idi ya daɗe kansa a ƙasa. Sannan ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, na laɓe, na kuma tare Malama. Da abin da ta saba yi ne a gidana, me zai tsorata ni? Shekara biyu ban taɓa ganin haka ba. Shi ya sa na kasa zama."

Dariyar ta tsaya. Liman ya ce, "To, ga shaida daga bakin mai ɗaki." Dagaci ya tambayi Idi abin da yake so a yi. Ya ce shi ba zai saki mace tana kwance a asibiti ba, ba zai kuma yi wa kowa alkawari ba, a bari ta dawo ya gan ta. Sale ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce in ya mayar da ita kar ya ƙara sa ran hannunsa a gonar auduga. Aka watse a haka, aure bai mutu ba, bai kuma tsira ba. Tanko ya wuce ta gabana ya fice.

Na ƙara sati huɗu a cikin asibiti ban leƙa ko kasuwa ba. Na ji labarin Idi ya hau babbar motar Funtua har sau biyu ya je dubiya, shi kaɗai. A kwanakin nan na yi ta juya abin a raina, ga kuma abin da nake so ku riƙe. Gurbin nan na ƙasan kati kar ku cika shi sai kun sa tsofaffi sun fita, kun zauna da mai jego ku biyu, kun ji muryarta. Al'adarmu tana da wuraren da ciwo zai ɓuya a ciki har a yi ta yaba masa, kuma mu 'yan gida mun fi baƙo saurin ruɗuwa, don mun ɗauka mun sani. In miji ya ajiye kunyarsa ya tare ku a hanya, ku sauka daga keke ku saurare shi, ba ƙaramin abu ne ya fito da shi ba. Sannan farar hular nan tana ƙara wa maganarmu nauyi. Abin da tsohuwa za ta faɗa a manta, in mu muka faɗa sai a kai shi gaban dagaci. Wannan ciwo ana warkewa daga gare shi, amma matar da ta warke tana bukatar ɗakin da za ta koma, kuma bakin ungozoma yana iya rushe shi kafin ta dawo.

Ran nan bayan la'asar ina tsane almakashi sai Sista ta leƙo ta ce ana sallama da ni. Na fito na ga Tanko, sai na tsaya a bakin ƙofa. Sannan na lura Idi yana bayansa.

Tanko ya ce, "Malama, shekaranjiya aka sallamo ta. Jiya mata suka raka ta ɗakinta, ita da yaron."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Maganar da na faɗa miki ranar kasuwa, na janye. Baba ya ce a gaya miki, abin da kika faɗa a gaban dagaci ba kowa zai iya ba. Ki hau kekenki ki bi duk hanyar da kika ga dama, babu mai taɓa ki."

Hawaye suka zubo mini. Na juya wajen Idi na ce, "Malam Idi, ka yafe mini dariyar nan."

"Ya wuce, Malama."

"Ita fa? Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi. Tana barci, tana ci. Jiya ma har ta yi wa inna tsiya a kan miya." Ya ɗan yi murmushi, sannan ya sunkuyar da kai. "Ta ce a gaishe ki, ta gode da yaron. Amma ta ce a roƙe ki wani abu. In Allah ya sake kawo rabo, a turo mata Sista."

Na ce za a turo.